Taguwar da Aka Ɗaure a Ƙofar Tanko

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Agadas kafin babbar yunwa ya san Tanko Mai-Igiya, ko da bai taɓa sayen igiya ba. Wurin zamansa gindin wata aduwa ce, gefen da ake gurfanar da raƙuma. Ƙafar dama a miƙe, bakin igiya a naɗe a babban yatsa, tafin hannu yana murza kaba tun hantsi har la'asar. Akala, dabaibayi, igiyar guga, igiyar ɗaurin gishiri, duk yana tufkawa, kuma aikinsa ba ya warwarewa. Ubansa mutumin Damargu ne da ya biyo ayari ya zo, gari ya yi masa daɗi ya ƙi komawa. Shi Tanko a nan aka haife shi, a wani lungu bayan doguwar hasumiyar masallaci, namiji tilo bayan mata huɗu.

Sai dai ba igiya ce ta fito da sunansa ba, tambaya ce. Allah ya zuba wa mutumin nan son sanin abin da babu ruwansa. Me ya sa raƙumi ke tauna ta gefe? Kwana nawa ne daga Ingal zuwa rijiya kaza? Wa ya fara haƙa ta? In ya kama ka da tambaya, gara ka nemi wuri ka zauna. A cikin tambayoyin nan akwai guda da ta zame masa ciwo tun yana saurayi, ita ce shaidar wuta. Kowane gidan Abzinawa yana da tasa alamar da yake ƙona wa raƙumansa da ƙarfe, wani a wuya, wani a cinya, wani a kunci. Tanko in ya ga wadda bai sani ba, sai ya ajiye kaba ya tashi, ya kewaya raƙumin, ya tambayi ta wane gida ce, ina suke shan ruwa, wa ya haifi wa. Ya dawo ya zana ta a ƙasa da yatsa sau uku, ya shafe. Shi ke nan ta zauna. Bai yi lakwal ba, wato boko, allonsa ma bai yi nisa ba, amma shaidu ɗaruruwa suna kwance a kansa.

Matarsa Habsa ba ta ga abin yabo a nan ba. Takan ce, "Malam, da shaidar raƙumi ana dafa ta, da ba wanda ya kai mu ƙiba a unguwar ga." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da ba ta labarin wata alama da ya gani yau, ita tana tankaɗe ba ta ko ji.

Ga inda abin ya yi rana. A ƙasar nan raƙumin da ya ɓace amana ne. Wanda ya tsince shi ba ya sayarwa, ba ya yankawa. Ya shayar da shi, ya riƙe shi, ya aika labari daga rijiya zuwa rijiya har ya kai kunnen mai shi, ko da za a shekara. To, wa zai faɗi na wane ne? Sai a jawo shi gindin aduwa. Tanko ya dubi wuya ya dubi cinya, ya ce na gidan wane ne, suna can yamma da Timiya, a gaya wa madugun da zai tashi jibi. Ba ya karɓar komai sai shayi, wani lokaci cuku. Ranar da ya haɗa raƙumi da mai shi kuwa, kwano biyu na tuwo yake tashi da shi, ya kwanta yana murmushi. A ganinsa don wannan Allah ya ajiye shi a gindin aduwar, igiya dai hanyar cefane ce.

Akwai abu guda da mutane suke mamaki. Mazan Abzinawa a rufe suke, rawani sama amawali ƙasa, ido kaɗai ake gani, amma Tanko tun daga nesa yake kiran kowa da sunansa. Ana cewa kaifin ido ne. Ba kaifin ido ba ne. Wuyan raƙumin yake duba, sannan ya gai da na samansa. Shi kansa bai taɓa lura haka yake yi ba.

Cikin waɗanda yake gaisawa da su haka har da Agali, wani makiyayi daga yamma da Ingal. Sau biyu a shekara yake shigowa, bisa farin amale, ƙaton raƙuminsa na hawa, turkuɗinsa yana walƙiya, ya sayi akala da igiyar guga, ya ajiye wa Tanko ƙullin cuku. Shaidarsa sanda biyu ce da ɗigo a ƙarƙashin kunnen hagu, da ƙafar zabo a cinya. Yakan zauna ya sha shayi kofi uku, yana cusa kofin ta ƙarƙashin amawali yadda suke yi. Hira kuwa Tanko ke yi, Agali ke saurare. In an tara duk maganar da ya yi a shekara ashirin ba ta cika tiya ba. Duk da haka in ka tambayi Tanko wane ne amininsa a cikin mutanen daji, Agali zai ce maka, ba tare da ya yi tunani ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa komai ba, ta bayanta ma haka, ta bayan wannan ta fi su muni. A shekarar saba'in da uku taron Ingal, inda makiyaya ke kai dabbobi lasar gishiri ƙarshen damina, aka ce ko rabin mutane bai tara ba, waɗanda suka je ma ba kiɗa ba tseren raƙuma. Kasuwar Agadas ta cika da dabbobi ƙashi da fata, kowa yana neman rabuwa da nasa, sannan ta soma yoyewa har ta zama fili. Mutanen daji suka riƙa shigowa a ƙasa, mace da tabarma a ka, namiji da sanda. Suka yi sansani a bayan gari, rumfunan tabarma da tsumma. Tanko yana zaune gindin aduwarsa da igiyoyi a rataye, ba mai tambaya. Wa zai sayi akala?

Wata safiya ya dawo daga sallar asuba, gari ya soma haske, ya tarar da Habsa tsaye a bakin zaure hannu a ƙugu. A gabanta ga taguwa, macen raƙumi, gurfane, fara mai ɗan duhu a wuya, tozonta ya kwanta amma idonta da rai. Kafin ya ƙaraso ya riga ya karanta: sanda biyu da ɗigo, ƙafar zabo a cinya.

"Ta Agali ce!" in ji shi. "Ta ɓace masa. Allah sarki, har ta kawo kanta."

Habsa ta nuna gwiwar taguwar da baki. "Ita ta ɗaure kanta kuma?"

Ya duƙa. An naɗe mata gwiwa da dabaibayi yadda ake yi don kada raƙumi ya tashi, ƙulli mai kyau, na wanda ya iya. Igiyar ma tufkarsa ce, ya gane hannunsa. Ya miƙe ya ce ai abin a fili yake: wani ya tsince ta, ba shi da abin ba ta, ya san gidan da ake kawo irin wannan, kunya ta hana shi sallama.

"To mu mi muke da shi?" in ji Habsa. "Malam, mu biyu muna raba tiya guda kwana uku. Wagga uwar ciki mi za ta ci?"

"Amana ce," ya ce. Ya kwance gwiwar, ya ja ta cikin gida.

Kafin azahar maƙwabcinsa Nomau mahauci ya leƙo. Ya shafa haƙarƙarinta, ya matsa cinya, ya ce, "Tanko, tsakani da Allah, yanzu da sauran nama a jikinta. Wata biyu nan gaba ko ungulu ba za ta gode maka ba. A yanka, unguwa ta ci, in mai ita ya zo a ba shi haƙuri."

Tanko ya ce ko da wuƙa a wuyansa. Mutum ya tara raƙuma sittin, wa ya san ko wannan kaɗai ta rage? In Agali ya zo ya ce ina taguwata, da wane baki zai ce mun cinye? Daga ranar abin da ke gaban Tanko guda ne: taguwar nan ta rayu har mai ita ya zo.

Ya aika labari yadda ya saba. Ya tare direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Ingal ya ba shi saƙo. Ya ba masu lambun Timiya da suka kawo ɗan albasa. Har samarin da ke kama hanyar Sigidin za su Libiya neman aiki ya bi su tasha ya zana musu shaidar a ƙasa, ya ce in sun ga mai irin wannan, su ce taguwarsa tana Agadas gidan Mai-Igiya. Amma labari a daji bakin rijiya yake kwana, rijiyoyin kuwa ba kowa sai gawar dabbobi. Wani ya dawo ya ce ya ji Agali ya yi kudu, wani ya ce a'a, Aljeriya. Tanko ya je sansani ma, ya nemi mutanen wajen Ingal ya tambaye su ko sun gamu da shi a hanya, ko sun san inda ya nufa da garkensa. Suka dubi ƙasa suka ce Allah ne masani. Ya ɗauka ba su sani ba ne.

Ciyar da raƙumi a shekarar da mutum bai ƙoshi ba, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Tanko yana da shekara hamsin da biyar ya koma hawan itace. Kullum da sassafe ya ɗauki gatari ya bi ƙoramar Telwa, busasshiya ƙayau, ya sassabo rassan ƙaya, ya tsinto 'ya'yan bagaruwa, ya roƙi masu lambu ciyawar da suka cire. Da itatuwan kusa suka ƙare ya ƙara nisa, har yakan kai azahar bai dawo ba, ƙafa duk ƙaya. Aduwarsa ta kasuwa ma bai bar ta ba, ya aske ta tas, ya zauna ba inuwa. Daga nan ya buɗe ɗakin da yake tara kaba, jarin sana'arsa na shekara guda, ya riƙa jiƙawa yana daddatsawa yana ba ta. Habsa tana kallo ta ce, "Yau kuma igiya take ci. Gobe sai mai igiyar." Amma ita ce dai, in ta surfa ɗan geron da suka samu, take ajiye dusar da ruwan tsarin a wata tsohuwar ƙwarya ta tura wa taguwar da ƙafa, tana zaginta.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, wata safiya rediyon mai shayi ya yi ta kiɗan soja ba magana. Can aka ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Mutane suka dubi juna, suka dubi sama. Sama tana nan yadda take. Abin da ya canja dai kamyo sun ƙara yawa, ɗauke da buhunan wata jar dawa ta taimako daga ƙasashen waje, kuma yanzu masu kaki ne ke rabo. Aka yi shela: kowane gida da kart ɗinsa, takardar rabo, a tsaya sahu, dawa ta mutane ce, wanda aka kama ya ba dabba zai kwana a rufe.

Mai kula da rabon sansani wani sarjan ne Bazabarme, Seydou, dogo mai jan ido saboda rashin barci. Ranar rabon farko mutane suka danne juna har aka karya wa wata tsohuwa hannu. Sai ya aika aka kira Tanko, ya ce yana son igiyoyi dogaye a kafa turaku a yi sahu. Igiyoyin gugar da suka shekara a rataye suka sami aiki, aikin da Tanko bai taɓa tufka su dominsa ba. Duk Litinin da Alhamis shi ke zuwa ya ɗaura, in an gama ya kwance. In kowa ya watse sai ya tsuguna inda aka sauke buhuna, ya share ƙasar wurin da tafin hannu, ya zuba a rariya ya tankaɗe, ya sami ƙwayar dawa cikin tafi biyu ko uku haɗe da tsakuwa.

Rana ta uku sarjan ya tsaya a kansa. "Baba, wannan na wa?"

Tanko bai iya ƙarya ba. Ya faɗa.

"C'est interdit! An hana! Ba ka ji shela ba? Ina da mutum dubu a takarda, buhu na ɗari shida ne, kai kana ba raƙumi!"

"Wadda ta faɗi ƙasa ce, sarjan. Ko na bar ta, tururuwa za ta kwashe."

Sarjan ya dube shi, ya dubi rariyar, ya share fuska da hularsa. Ya ce ubansa ma yana da shanu a can gida, da. Sannan ya juya baya ya ce, "Ban ga komi ba. Amma in kumandan ya gani, ban san ka ba."

A ƙarshen sahun maza, wajen turken da Tanko ke ɗaure bakin igiya, akwai wani mutum da kullum yake zaune. Ba ya shiga turereniya, ba ya miƙa hannu. Matarsa ce ke karɓo musu a sahun mata, shi dai yana rako ta. Rawaninsa ya koɗe ya zama kalar toka, ya ja amawali har gindin ido, ƙafafunsa sun tsattsage. Irinsa ɗari ne a wurin. Wata Alhamis Tanko yana ƙulla igiya sai mutumin ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, a shaƙe da tari.

"Kai ne mai taguwa a gida?"

"Ni ne. Amma ba tawa ba ce."

"Tana tashi?"

"Tana tashi," in ji Tanko, ya ji daɗi an tambaya. Labarin taguwar ya riga ya bazu, wasu na ce masa mahaukaci, wannan kuwa tambayar makiyayi ya yi. Don a irin wannan shekara ba a tambayar ko dabba ta ƙoshi. In dai tana iya miƙewa da ƙafarta da safe, da sauran rai.

Daga nan ya zama kullum. Litinin, tana tashi? Tana tashi. Alhamis, tana tashi? Da ƙyar. Sai ga ranar da ba ta tashi ba. Tanko ya fito ya same ta ta yi yunƙuri sau uku ta koma, ta miƙe wuya a ƙasa. Hankalinsa ya tashi, ya fita ba takalmi ya buga ƙofar Nomau. Suka zura igiyoyi biyu ta ƙarƙashin cikinta, suka sa itace, aka kira maƙwabta huɗu, Habsa ta riƙe akala. Nomau yana ja yana mita: "Ni da ke kwantar da dabba, yau ni ke tayarwa. Allah ya isa, Tanko." Ta miƙe tana rawar ƙafa. Tun daga ranar kowace safiya sai an ɗaga ta, kuma mutanen da ke ɗagawar su ma kullum ƙara ramewa suke. Kaba ta ƙare, ya kwance zanan rumfar tsakar gida ya ba ta. Bayan wannan ba abin da ya rage masa sai duban gabas.

Ya ba mutumin turke labarin ɗagawar, da hannu da ƙafa yadda ya saba ba da labari. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ka wahala. In mai ita ba shi da inda zai kai ta fa? In shi ma ya zama kamar..." Ya ɗaga yatsa ya nuna sahu.

Tanko ya yi dariya, dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Haba, bawan Allah! Ba ka san mai ita ba. Agali ne fa, na yamma da Ingal. Mutum mai raƙuma sittin, wanda in ya shigo kasuwa bisa farin amalensa sai kowa ya ɗaga kai. Wannan ko duniya za ta tashi ba za ka gan shi a nan ana auna masa dawa da gwangwani ba. Yana can inda ya sami ciyawa. Ruwa na sauka za ka gan shi, turkuɗi na walƙiya."

Mutumin ya sa hannu ya ƙara jan amawalinsa sama, ko da yake ba sauran inda za a ja shi. Ya ce, "Haka ne." Tanko ya kwance igiyarsa ya tafi, zuciyarsa fari, yana ganin ya kare mutuncin amininsa.

Bayan haka tambayar ta koma yadda take, kalma biyu. Tarin mutumin ya ƙaru. Jar dawar nan ba ta karɓi mutanen daji ba, cikin da ya saba da nono bai san ta ba, gudawa ta yi ta ɗibar su, yara da tsofaffi. Wata Litinin gindin turke ba kowa. Tanko bai ma lura ba sai Alhamis, ya ce a ransa wataƙila ya koma wani sahu, ya ci gaba da tankaɗen ƙasarsa.

Ruwa ya sauka tsakiyar damina, na gaske. Telwa ta kawo, gari duka ya fita kallo, mata suna guɗa, tsofaffi suna kuka. Cikin kwana goma ƙasa ta yi kore. Tanko ya san ɗanyar ciyawa tana kashe dabbar da ta daɗe da yunwa, don haka ya riƙa auna mata kaɗan-kaɗan yana haɗawa da busasshe. Rana ta goma sha biyu ya fito zai kira Nomau, ya tarar da ita tsaye da kanta tana cin ganyen da ya leƙo ta katanga. Ya zauna a ƙasa ya yi hamdala har muryarsa ta dushe. Ya samo kaba sabuwa ya tufka mata akala mai kyau, wadda bai taɓa yin irinta ba, ya rataye a zaure. Kullum ya ji motsi a lungu sai ya leƙa.

Wadda ta zo mace ce, da la'asar, a ƙasa. Baƙin zanenta ya koɗe, wuyan hannunta bai fi kara ba. Ta yi sallama, Habsa ta shigo da ita. Ba ta gai da kowa ba tukuna sai da ta kira wani suna da Tamashek, harshen Abzinawa, taguwar ta juyo da wani gurnani da Tanko bai taɓa ji daga gare ta ba, ta miƙo wuya ta ɗora a kafaɗar matar.

"Ni ce Aissa, matar Agali," ta ce, da Hausarta a hankali.

Tanko ya miƙe har yana tuntuɓe. "Alhamdu lillahi! Ina shi? Yana kasuwa? Habsa, ɗora shayi!"

"Ya rasu. Kwana goma sha tara kafin ruwa."

Aka yi salati. Tanko ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "A ina? Kudu kuka yi, ko Aljeriya? Na aika, wallahi na aika ko'ina."

"Nan muke, bayan gari. Wata tara." Ta shafa wuyan taguwar. "Su hamsin da takwas suka mutu a hanya, amalen muka yanka. Ita kaɗai ta iso da mu. Shi ya kawo ta ƙofarka, shi ya ɗaure. Ya ce duk Agadas mutum guda ne zai ga shaidar nan ya kasa yanka ta."

Habsa ta dafe baki. Tanko dai yana kallon matar, bai gane ba, ko kuwa ya gane yana ƙi.

"Kana ba shi labarinta Litinin da Alhamis," in ji Aissa. "Da shi yake kwana."

Sai turken ya dawo masa, da rawani mai kalar toka, da yatsan da ya nuna sahu, da dariyarsa shi kansa. Ya ce, "Baiwar Allah, don mi bai faɗa ba? Ga ɗaki, ga Habsa, da mun ɗauko shi! Dusar da na ba dabba, da kunu aka dama masa! Ni da nake tambayar kowa komi, mutum yana gabana wata huɗu..."

"Ya so ya faɗa. Ranar da ka yi masa zancen farin amale, ya fita da niyya, na ma wanke masa rawani. Ya dawo bai faɗa ba." Ta ci gaba tana neman kalmomin da Hausa. "Na yi masa faɗa. Ya ce, Aissa, a garin nan akwai mutum guda da har yanzu yake ganina bisa raƙumi. Ba zan sauka a gabansa ba."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Tanko ciwo. Ya yi kuka a gaban mata biyu, kukan da bai yi ba ko ranar da uwarsa ta rasu. Ya riƙe amana wata tara, ya aske itatuwa, ya ciyar da sana'arsa, ya tayar da taguwa da igiya, kuma duk wannan bai ƙara wa mai ita kwana guda ba.

Washegari ya sa wa taguwar sabuwar akala ya miƙa wa Aissa; za ta bi danginta da suka rage su koma wajen Ingal. Ya roƙe ta kafin ta tafi ta nuna masa kabarin. Suka fita bayan sansani, inda duwatsu suke jere bisa tudun ƙasa, sun fi ɗari, ba suna ba alama, ciyawa har ta soma fitowa a tsakaninsu. Ta ɗan yi ta dubawa, ta ce wannan ne, ko na kusa da shi. Tanko ya tsuguna ya yi addu'a. Da ya shafa, sai ya sa yatsa a danshin ƙasar ya zana sanda biyu da ɗigo, da ƙafar zabo a gefe. Wannan karon bai shafe ba. Da yamma aka yi ruwa.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, har ya ga fari na biyu. Aduwar ta sake toho, ya koma gindinta, raƙuma suka dawo kaɗan-kaɗan, ana kawo masa na ɓata yana faɗin gidansu kamar da. Sai dai ya ƙaro wata ɗabi'a da 'yan kasuwa suka ce tsufa ne. Duk wanda ya zo a ƙasa ya zauna kusa da shi, komai tsummansa, sai Tanko ya ajiye kaba, ya ƙura masa ido har mutum ya tsargu, ya ce, "Kai wane ne? Faɗa mini sunanka." Habsa ta ce har ya mutu, in ya zauna shiru ya rufe ido ta san abin da yake nema. Yana iya zana mata shaidar kowane raƙumi da Agali ya taɓa hawa. Idon Agali kuwa, da ya kalla shekara ashirin a kasuwa da wata huɗu a gindin turke, ko sau ɗaya bai iya tuno kamanninsa ba.